RA'AYINMU: WA YA CANCANCI RIƘE MABUƊIN GIDAN YARI?

Duk lokacin da hukumar da ke kula da ɗaukar ma'aikatan gidajen yari, da na shige da fice, da na kashe gobara, da jami'an tsaron farin kaya ta ba da sanarwar cewa ƙofa ta buɗe, sai ka ga samarinmu na Agege, da Idi-Araba, da Mil Sha Biyu, da Sabon Badun, da Shagamu, da Fatakwal sun yi cincirindo a shagunan masu kwamfuta suna neman a cika musu takarda. Da yawa daga cikinsu kan koma gida da ɓacin rai, don kuwa tun a matakin farko sharuɗɗan sun kayar da su. Wani ba shi da satifiket ɗin sakandare, wani ba shi da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, wani kuma ya shekara goma yana jan mota tsakanin Ikko da Kano amma ba shi da lasin da zai iya nunawa ba tare da gabansa ya faɗi ba. Daga nan sai guna-guni ya tashi a majalisu da tashoshin mota cewa an kafa sharuɗɗan ne da gangan don a toshe wa talaka hanya.

Wannan jarida ba ta goyon bayan wannan guna-guni. Mu a namu ganin sharuɗɗan nan ba su yi yawa ba, hasali ma sun yi kaɗan, kuma babu wanda ya kamata ya fi matsa wa hukuma ta tsananta su kamar mu 'yan Arewa mazauna Kudu, saboda mu ne muka fi ɗanɗana kuɗarmu duk lokacin da aka damƙa mabuɗin gidan yari ko sitiyarin motar fursunoni a hannun wanda bai san aikinsa ba.

Dattawanmu sun san yadda abin yake a zamanin En'e. A wancan lokaci kowace masarauta tana da gidan yarinta, Yari ne shugabansa, kuma abin da ake dubawa wajen ɗaukar mutum aiki shi ne ƙarfin jiki da biyayya da kuma sanin asalinsa. A nan Ikko kuwa Turawan mulki sun gina kurkukunsu na titin Broad tun 1872, wurin da yanzu aka mayar da shi dandalin shaƙatawa. A shekarar 1968 aka soke gidajen yarin En'e aka haɗe su duka a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, sa'an nan dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta shimfiɗa tsarin da aka bi har kusan shekara hamsin. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta sauya wa hukumar suna zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu. Gida na farko shi ne tsare waɗanda kotu ta ce a tsare. Gida na biyu shi ne kula da masu laifin da kotu ta bari a cikin jama'a bisa sharaɗi, wato masu ɗaurin talala, da waɗanda aka sa su aikin gayya maimakon zaman kaso, da waɗanda aka sako kafin wa'adinsu ya cika, da kuma sasanta mai laifi da wanda ya zalunta. Sauya suna abu ne mai sauƙi, alƙalami ɗaya ya isa. Amma mutumin da aka ɗauka don ya tsare ƙofa da kulki ba zai wayi gari ya zama mai gyaran hali don an sake rubutun da ke jikin allon ofis ba.

Ga abin da ake nema a halin yanzu, don amfanin wanda bai sani ba. Matakan shiga uku ne. Akwai na manyan jami'ai, wanda sai mai digiri ko babbar difloma; akwai na sufetoci, na masu difloma da takardar malanta ta ƙasa da ma'aikatan jinya; akwai kuma na mataimaka, na masu satifiket ɗin sakandare da masu takardar gwajin sana'a, kamar direbobi da makanikai da magina da kafintoci. Dole mai nema ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 18, bai kuma wuce iyakar shekarun da sanarwa ta yanke ba. A sanarwoyin shekarun nan akan nemi namiji ya kai tsawon mita 1.65, mace kuma mita 1.60, da takardar likitan gwamnati mai shaida lafiyarsa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma kada ya zama kotu ta taɓa ɗaure shi. Wanda ya tsallake jarrabawa da tantancewa sai a tura shi ɗaya daga cikin makarantun horo na hukumar, kamar ta Kaduna, ko ta Kirikiri, ko ta Inugu. Mai neman gurbin direba kuwa sai ya nuna lasinsa.

Babu laifi ko kaɗan a cikin waɗannan. To, amma fa tsawo da faɗin ƙirji ba su gyara halin kowa. Gandiroba na wannan zamani yana riƙe da littafin rajista wanda rayuwar mutane ta rataya a kansa: ranar da aka kawo wane, kotun da ta aiko shi, ranar da zai koma gaban alƙali, ranar da wa'adinsa zai cika. Idan mai riƙe da littafin bai iya karanta takardar umurnin kotu ba, ko kuwa bai damu ba, sai mutumin da aka kawo a kan rigimar kuɗin haya ya ɓace a cikin ɗaki har shekara uku babu mai tuna shi. A shekarar 2024 yawan mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ya kai wajen dubu 80, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a kawai suke yi. Gidan yarin Ikoyi an gina shi ne don mutum 800, amma a watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a cikinsa, mutanen da ke ciki sun haura dubu uku. Dokar 2019 ta bai wa shugaban hukumar na kowace jiha ikon sanar da Babban Joji idan gida ya cika, har ma ya ƙi karɓar sababbin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Wannan iko sai ma'aikaci mai ilmi, wanda ya san doka kuma ba ya tsoron amfani da ita, zai iya taɓa shi.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kowace shafarmu. Tsarin mulkin ƙasa a sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, idan bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba, a ba shi tafinta kyauta. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, su ma sun ce ya kamata akasarin ma'aikatan gidan yari su iya harshen da yawancin fursunonin ke ji, a kuma nemo tafinta duk inda bukata ta kama. Yaron da ya zo cin rani daga Jigawa ko Zamfara, ko daga Damagaram, bai iya Yarbanci ba, Turancinsa kuma bai wuce na cinikin albasa ba, idan aka kai shi Kirikiri ko Agodi ya zama kurma kuma bebe. Bai san an ba da belinsa ba, bai san akwai Hukumar Ba da Taimakon Lauya Kyauta, wadda aka kafa tun 1976 domin irinsa ba, ba zai iya gaya wa ma'aikacin jinya inda ke masa ciwo ba. Saboda haka muna kira ga hukuma da ta riƙa ƙidaya iya harsunan ƙasa a matsayin cancanta mai maki wajen ɗaukar aiki da rarraba ma'aikata, ta tabbatar kowane babban gidan yari na Kudu yana da masu jin Hausa a kowane zubin aiki, kamar yadda ya wajaba a sami masu jin Yarbanci da Ibo a gidajen yarin Kano da Kaduna da Sakkwato. Adalcin da muke nema wa namu a nan shi muke nema wa baƙinmu a can.

Mu koma kan lasin tuƙi, wanda wasu ke ɗauka ƙaramin abu ne. Waɗanda suka daɗe a Ikko ba za su manta da abin da ya faru a watan Maris na 1980 ba, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ranar da kimanin mutum 50 da ake tuhuma suka mutu saboda rashin iska a cikin baƙar motar nan ta 'yan sanda da ake kira Bilak Mariya, bayan an cusa su fiye da abin da motar za ta ɗauka. Motar ta 'yan sanda ce, amma darasin na duk wanda ke ɗaukar ɗaurarru ne. Fasinjan motar haya idan ya ga direba na ganganci zai yi magana, ko ya ce a sauke shi. Fursuna kuwa an kulle shi ta waje, wani lokaci da ankwa a hannu, ba ya ganin hanya, ba ya iya fita idan mota ta kife ko ta kama wuta ko ta tsaya awa uku cikin cunkoson Apapa da rana tsaka. Ransa gaba ɗaya yana hannun direba da 'yan rakiya. Ƙa'idojin Mandela ɗin nan sun haramta ɗaukar fursuna a cikin motar da ba ta da isasshiyar iska ko haske. Don haka direban irin wannan mota bai kamata a tsaya ga tambayarsa ko yana da lasin ba. A duba ko ajin lasin nasa ya dace da girman motar, don lasin ƙaramar mota dabam, na babbar mota dabam. A sake gwada shi a kan hanya, a auna idonsa a kai a kai, a koya masa taimakon gaggawa, a kuma ba shi ikon ya ƙi tayar da mota idan an zuba mata mutane fiye da ƙima, ba tare da wani na gaba da shi ya hukunta shi ba.

Akwai kuma wani ɓangaren. Sau nawa alƙali ya zauna, lauya ya zo, dangi sun bar kasuwa sun zo, sai a ce ba a kawo wanda ake tuhuma ba, wai babu mota, ko babu mai, ko direba bai zo ba? Daga nan sai a ɗaga shari'a wata biyu ko uku. Rashin direba guda ɗaya mai takarda yana iya ƙara wa mutum ashirin zaman wata uku, kuma gwamnati ce za ta ci gaba da ciyar da su. Kuɗin da za a kashe wajen horar da ƙarin ma'aikata su mallaki lasin na gaskiya bai kai abin da ake asara a irin wannan jinkiri ba.

Inda lasin ya fi zama wajibi shi ne wajen jami'in da ke sa ido a kan masu ɗaurin talala. Wannan aiki yana da tarihi. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya kula da shi maimakon a ɗaure shi, ya kuwa mayar da mutumin gaban alƙali ya shiryu. Jihar Massachusetts ta mayar da abin doka a 1878, Ingila ta bi sahu a 1907. A yau a jihohi da yawa na Amurka ba a ɗaukar mutum wannan aiki sai yana da digiri da kuma lasin tuƙi mai rai, kuma dalilin a fili yake. Gandiroba mutanensa na cikin katanga ɗaya, shi kuwa jami'in talala mutanensa sun watsu a gari. Sai ya je ɗakin da mutum ke kwana, ya ga maigidan da yake wa aiki, ya gana da wanda ya tsaya masa, ya rubuta rahoto ya kai wa kotu a ranar da aka sa. Jami'in da aka damƙa wa mutum talatin daga Ikorodu zuwa Badagry, ba shi da abin hawa, ba shi da lasin, to ƙarshensa ya zauna a ofis ya rubuta rahoton abin da bai gani ba. Da zarar alƙalai sun gane rahoton na ƙarya ne, sai su daina ba da talala su koma tura kowa kurkuku.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta buɗe wa alƙalai ƙofar jingine hukunci da sa aikin gayya, jihar Ikko ma ta riga Tarayya shigar da aikin gayya cikin dokarta. Amma majistare ba zai saki mutum bisa talala ba sai ya tabbata akwai wanda zai bi sawunsa, akwai kuma adireshin da za a same shi. A nan ne ɗan cin rani ke faɗuwa. Ɗan gari yana da gida da dangi, sai a ce ya je ya share asibiti na mako biyu. Namu kuwa da ke kwana a rumfar kasuwa ko a barandar masallaci, a kan laifi iri ɗaya, sai a wuce da shi gidan yari. Tun da gwamnatin jihar Ikko ta tsananta hana acaba a 2020, ta kuma ƙara a watan Yuni na 2022 a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, da Surulere, da Eti-Osa, da Apapa, da Tsibirin Ikko, da Mainland, samarinmu da dama sun gurfana gaban kotun tafi-da-gidanka. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa waɗanda abin da ya riƙe su kawai shi ne kasa biyan tara ko diyya, bayan an tara Naira miliyan 585 an biya musu. Abin a yaba ne, amma da akwai isassun jami'an talala masu ilmi da abin hawa, da yawancin waɗannan mutane ba su taɓa kwana a kaso ba tun farko.

Saboda haka ga kiranmu ga hukuma. A rubuta a fili cewa jami'in talala sai mai ilmin aikin jin daɗin jama'a, ko na halayyar ɗan Adam, ko na shari'a, a ba shi horo na musamman dabam da faretin gandirobobi, a sa lasin tuƙi ko na babur cikin sharuɗɗan tabbatar da shi a aiki, a kuma ba shi abin hawa da kuɗin mai. Wanda ya cancanta ta kowace fuska amma bai mallaki lasin ba kada a kore shi, a ba shi wa'adin wata shida ya samo, hukuma ta ɗauki nauyin makarantar. Tun da gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, ya zama wajibi a sami ma'auni ɗaya na cancanta a ƙasa baki ɗaya, kada wani gwamna ya mayar da kakin gandiroba ladan 'yan bangar siyasa. Hare-haren da aka kai gidan yarin Owerri a 2021 da na Kuje a 2022 sun isa su nuna cewa wannan aiki ba wurin ajiye 'yan lele ba ne.

Sai mu juyo kan namu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gaskiya ce mai ɗaci cewa da yawa cikin direbobinmu da 'yan acabarmu lasin da ke aljihunsu na bayan fage ne, wanda wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗi ya kawo cikin kwana biyu. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 hanyar ta yi ta sauyawa, yau kuwa a bayyane take: mutum ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, jami'an duba motoci da aka fi sani da VIO su gwada shi, ya biya kuɗi ta hanyar da gwamnati ta tsara, sa'an nan ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk lasin da aka kawo maka har gida ba ka taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto ba, to jabu ne, kuma ranar tantancewa kwamfuta za ta tona shi cikin minti ɗaya. Wanda ya je neman aikin tsaron kurkuku da takardar jabu yana iya ƙarewa a cikin kurkukun. Haka nan masu zagayawa zango-zango suna cewa a kawo dubu ɗari kaza za su samar da gurbi, mayaudara ne. Hukumar ta sha nanata cewa neman aikin kyauta ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyya ya je gida tun yanzu ya karɓo takardar ƙaramar hukumarsa, ya gyara sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a kowace takarda, wanda bai gama sakandare ba ya shiga ajin dare ya zauna jarrabawa.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da limamai, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin direbobi, su ma akwai nasu nauyin. Su buɗe rajistar mutanensu, ta yadda idan kotu ta nemi adireshi ko mai tsayawa za a samu. Su san ofishin jami'an talala na yankinsu, su gabatar da kansu, su ce a shirye suke su riƙe amanar yaron da kotu ta saki bisa sharaɗi. Su naɗa mutum biyu ko uku masu jin Turanci da Yarbanci ko Ibo da za su riƙa zagaya kotunan majistare da gidajen yari kowane wata. Kuɗin da ake tarawa a biya tara bayan an ɗaure mutum, a ware wani abu daga ciki a biya wa samari goma kuɗin makarantar tuƙi kowace shekara. Attajiranmu masu tireloli da tankoki kuwa su daina miƙa mabuɗi ga yaron mota don kawai ya daɗe tare da ubangidansa.

'Ya'yanmu da aka haifa a nan Kudu, waɗanda suka tashi suna jin Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a titi, Turanci a makaranta, su ne suka fi kowa dacewa da wannan aiki, maza da mata, don gidan yarin mata na Kirikiri ma yana bukatar masu jin Hausa. Iyaye su daina kallon aikin gandiroba a matsayin aikin ƙasƙanci. Wanda ya tsaya tsakanin mai rauni da zalunci, ya kai shi kotu a kan lokaci, ya mayar da shi ga iyalinsa da sana'a a hannu, ya yi aikin da ake fatan samun lada a kansa. Muna fata sanarwa ta gaba za ta sami samarinmu da takardunsu a kammale, hukuma kuma ta tsaya a kan sharaɗi ba sani ba sabo. Allah Ya kiyashe mu da shiga hannun wanda bai san aikinsa ba, Ya kuma kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da hakkinsu ba, amin.